Tsamiya a Farantin Sallah

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Kabo da Garo da Gude da Durun da Masanawa, da 'yan'uwanmu na Gwarzo da Getso da Lakwaya da Kutama, da duk wanda muryar nan ta iske a gona, ko a shago, ko a cikin mota kan hanyar Kano zuwa Dayi. Yau maganar abincin Sallah za mu yi, kuma a cikinsa ma ɓangare guda: abin da ake fara ajiye wa baƙo a gabansa kafin a sauke tuwo ko shinkafa.

Ku tuno farantin da ake fitowa da shi idan an yi sallama a gidajenmu ranar Sallah. In ƙaramar Sallah ce, za ka ga cincin da dubulan da alkaki, wani gidan da nakiya, wani da soyayyar kaza ko zabo, yanzu kuma har da samosa. In babbar Sallah ce, daga washegarin yanka har kwana uku ko huɗu, soyayyen nama ne da hanta da dambun nama, da ɗan yaji a gefe, sai lemon kwalba ko na roba. Duk abinci ne mai kyau. An kashe masa kuɗi, iyayenmu mata sun raba dare a gaban murhu a kansa. Amma ku duba da kyau, abin da ba a tsoma a mai ba, to an tsoma shi a sukari. Wanda ya fito yawon Sallah tun hantsi, gidan farko zai ci da marmari, na biyu ya taɓa, kafin ya isa gidan gwaggonsa maiƙo ya ginshe shi. Ta ajiye masa, ya ɗauki tsoka ɗaya don kunya, ya ce alhamdulillahi. Ita kuwa ranta bai so ba, sai ka ji tana cewa, "Ɗan nan, ko gishiri ne bai ji ba?" Gishiri ya ji, Gwaggo. Harshensa ne ya gaji, kuma abin da ke farfaɗo da harshen da maiƙo ya gajiyar shi ne tsami.

Abin da ke ɗaure mini kai, mu ba baƙin tsami ba ne. Wata guda cur muna buɗa baki da kunun tsamiya. Muna zuba yakuwa a fate da miyar taushe. Muna tuƙa tuwon dawa da ruwan tsamiya don ya kwana lafiya. Mai awara da ruwan tsami take tsinka madarar waken suya har ta dunƙule. Yaranmu suna tsotsar tsami-gaye a ƙofar makaranta, suna tsinkar tsada da magarya a jeji, suna cin ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono har haƙoransu su mutu. Amma da an ga wata, an sauko daga idi, sai a ɗauke tsamiya a kai ta lungun madafa, ba a ƙara waiwayarta sai wani azumin. Ina jin mun ɗauke ta a matsayin abincin mai azumi da mai laulayi da wanda ba shi da hali, muna ganin ba ta isa a kai ta gaban baƙo ba. A wurina wannan kuskure ne, kuma muna biyan kuɗinsa a aljihu, muna biya a gona, kamar yadda zan zo kai.

Kusan duk inda mutane ke cin nama mai yawa a ranar biki, za ka tarar sun tanadar masa mahaɗi mai tsami. A Amurka, ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba suna bikin godiya, suna gasa talotalo, kuma da wuya a ci shi ba tare da wata jar miya mai kauri ba, wadda ake dafawa da 'ya'yan wani tsiro mai tsami da suke kira kiranberi. A Indiya da Pakistan, samosar nan da matanmu suka ƙware a kanta yanzu ba a kawo ta ita kaɗai. Da ɗan kwano take zuwa, na tsamiya da dabino da irin tasu mazarƙwailar, ana dangwala ana ci. Mu mun ɗauko samosar, mun baro kwanon. A Ingila akwai kwalbar nan ta Lea & Perrins da ake sayarwa tun 1837, ana ɗiga wa nama, har a manyan kantunan Kano za ka iya cin karo da ita. Ka juya bayanta ka karanta kayan haɗin, za ka ga tsamiya a ciki. A Senegal suna sa tsamiya a shinkafa da kifinsu. Kuma masana tsirrai sun ce asalin bishiyar daga irin wannan ƙasa tamu ta Afirka ne, daga nan ta ƙetara teku tun zamanin da, har Indiya ta zama ita ce ta fi kowa nomanta a yau. Malamanmu ma za su tuna mana cewa ya zo a Sahihu Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ci gurasa da khal, ya kuma yabi khal ɗin a matsayin mahaɗi. Saboda haka dangwala abinci a abu mai tsami ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi.

Tsamin tsamiya daga wani sinadari yake da ake kira tatarik, irin wanda ke cikin inabi, sai dai a tsamiya ya fi yawa nesa ba kusa ba. Yawancin 'ya'yan itace in sun nuna tsaminsu raguwa yake yi, ita kuwa zaƙi ne ke ƙaruwa a kan tsamin, tsamin yana nan daram. Shi ya sa take haɗa biyun a baki ɗaya. Da ta taɓa harshe yawu zai tsinke, ya wanke maiƙon da ya lulluɓe baki, loma ta gaba ta dawo da ɗanɗanonta. Tana kuma sassauta ciki, wannan kakanninmu sun sani tun kafin a zo da asibiti. Duk wanda ya san yadda ciki ke cushewa a kwana na uku na babbar Sallah, ya san amfanin wannan.

To, uwargida, ga yadda ake yin mahaɗin tsamiyar, kuma ina roƙon a saurara da kyau domin aikin ba shi da wuya amma yana da ƙa'ida.

Ki sami tsamiya mai kyau, ɓararriya, wadda jikinta ke da danƙo da sheƙi, ba wadda ta bushe ƙayau ko ƙwari suka huda ba. Curi ɗaya, daidai cikin tafin hannu, ya ishi gida mai yawan baƙi. Ki ɗauraye ta sama-sama don ƙura, ki jiƙa a ruwan zafi kofi uku, ki bar ta kamar rabin awa. In ta yi laushi ki sa hannu mai tsabta ki mutsuttsuke ta sosai, har 'ya'yan su fita fes, sannan ki tace da rariya mai laushi. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin hannu ya saba da jiƙon kunu, wanda ake so tsararo. Wannan kuwa da kauri ake son sa. Ki riƙa danna tsamiyar a jikin rariya da bayan ludayi har naman ya ratsa, abin da zai rage a sama ya zama 'ya'ya da jijiya kawai.

A gefe guda ki jiƙa dabino goma zuwa goma sha biyu. In ƙaramar Sallah ce ba sai an saya ba, wanda ya rage daga buɗa-baki ya wadatar, ko da ya bushe. Ki cire ƙwallon, ki daka a turmi ko ki markaɗa har ya yi laushi. Sai ki haɗa da ruwan tsamiyar a tukunya, ki jefa gutsuren mazarƙwaila, ki ɗora a wuta marar ƙarfi. Na ce mazarƙwaila da gangan. Farin sukari zaƙi kawai yake kawowa, ita kuwa tana zuwa da ƙamshin rake da ɗan ƙauri mai daɗi wanda ke tafiya da soyayyen nama. In babu, a sa sukarin, ba laifi. Kayan ƙamshi kuwa duk suna cikin madafarki: citta, kanumfari ƙwaya uku ko huɗu, masoro kaɗan, barkono gwargwadon yadda gidanki ke cin yaji, da gishiri. Kada a raina gishirin nan. In babu shi, abin da za a samu alewa ce, ba mahaɗin nama ba. Mai son tafarnuwa ta daka ƙwaya biyu ta zuba. Kimba kuwa a yi hankali da ita, tana da ɗaci in ta yi yawa, kuma in ta shiga ba ta fita.

Ki riƙa juyawa da muciya ko cokalin katako, domin dabino yana kama gindin tukunya da wuri. Minti goma sha biyar zuwa ashirin za ki ga ya yi duhu, yana sheƙi, yana tafasa a hankali. Ki tsoma cokali ki ɗaga. In ya lulluɓe bayan cokalin, kika ja yatsa a kai hanyar ta tsaya ba ta haɗe ba, to ya yi, ki sauke. Kada ki jira sai ya yi kaurin da kike so a kan wuta, domin yana ƙara kauri in ya huce. Sannan ki ɗanɗana, amma da tsokar nama a hannu za ki ɗanɗana. Abin da ya yi miki tsami da yawa a kan cokali, in ya hau nama mai kitse sai ki ji daidai ne. Tsami ya kamata ya fara gaisawa da harshe, zaƙi ya biyo baya, yaji ya zo a ƙarshe. In zaƙi ne ya riga, ki ƙara ruwan tsamiya ko ki matsa lemon tsami.

Abin da ake dangwalawa a ciki kuwa, ba nama kaɗai ba. Hanta soyayya ta fi komai dacewa da shi a bakina. Tsire da balangu, awara mai zafi, ƙosai, soyayyen dankalin Hausa, doya, dafaffen rogo, gurasa da aka yayyanka aka ɗan gasa, duk suna shiga. Gidan da Allah bai hore wa abin layya ba a wannan shekara, in aka soya awara da dankali aka jera a faranti, aka sa wannan kwano a tsakiya, wallahi an karrama baƙo, kuma babu wanda zai fita yana jin an rage masa wani abu. Yajin ƙuli ma ba a kore shi ba. A ajiye su gefe da gefe, mutum ya dangwali mai ruwa, ya dangwali gari, gari ya manne.

Na biyu shi ne zoɓo, kuma a kansa ina da ƙorafi. Kowane gida ana dafa zoɓon sha ranar Sallah. A tafasa, a tace, a zuba ruwan a robobi, sannan a kwashe dafaffen zoɓon a watsa wa awaki ko a kai bola. Wannan da ake zubarwa abinci ne. Yana ɗauke da wani sinadari mai sa abu ya kama jikinsa, wanda ake kira fektin, shi ne ke sa irin wannan haɗi ya yi kauri ba tare da an sa gari ba. Ki wanke zoɓonki da kyau tun farko saboda yashi, in kin tace na sha ki ware dafaffen, ki tsince ƙwallon da haki, ki markaɗa da ɗan ruwansa, ki mayar wuta da sukari da ɗanyar citta da gishiri da attaruhu guda. In akwai abarba ki yanka ƙanana ki zuba. Abin da zai fito ja ne wur, mai kyan gani a farin kwano, kuma ya fi dacewa da kaza da zabo. Sharaɗi ɗaya: kada a sa kanwa. Na san mata da yawa suna jefa kanwa a zoɓo don kashe tsami, to a nan tsamin muke nema, kuma kanwa tana mayar da jan ya koma baƙi-baƙi. A jihar Fulorida ta Amurka, inda zafi ba ya barin kiranberi ya yi, tun da daɗewa akwai masu maye gurbinsa da wannan zoɓon namu a bikinsu na godiya. Manyan motoci kuwa suna lodinsa daga Maigatari da Dawanau zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, mafi yawansa Meziko ake kai wa. Mutanen da ke bayan teku suna biyan kuɗin waje su saya, mu da muke shuka shi a kan iyakar gona muna shan ruwan mu zubar da sauran.

Akwai wasu biyu da zan ambata a gurguje. Ɗanyen mangwaro, wanda ƙwallonsa ya fara tauri amma bai nuna ba, a fere, a goga, a haɗa da albasa da attaruhu da gishiri da ɗan sukari, a ɗan soya sama-sama. Da kuma farin garin 'ya'yan kuka, ba na ganye da ake miya ba, a tankaɗe a dama da kindirmo da zuma ko sukari har ya yi kauri, yara su dangwali yankakkiyar ayaba da gwanda da kankana a ciki. Wannan ba a dafa shi, kuma shi ne ya fi sauran bitamin C, domin tsamiya duk tsaminta ba ta da shi da yawa. Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin nan a kasuwanninta tun 2008. Waɗannan biyun na yini ɗaya ne, a yi a cinye, kada su kwana.

Yanzu ga gargaɗi, kuma ina so a ɗauke shi da muhimmanci kamar yadda aka ɗauki girkin. Tsami yana cin ƙarfe. Tukunyar dalma da ake zubawa a maƙera, in aka bar tsamiya ko zoɓo ya kwana a ciki, da safe za ki ga cikinta ya yi fari tas, to abin da ya fita daga jikinta yana cikin abincin. In da hali a dafa a tukunyar ƙasa ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. In dalmar ce kaɗai a gida, da an sauke a juye a tangaran ko kwalba mai murfi wadda aka wanke da ruwan zafi. Sannan kada a fito da shi duka a babban kwano ɗaya, hannu arba'in ya shiga daga safe zuwa magariba. A riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan a ƙananan kwanuka da cokali mai tsabta, abin da baƙi suka rage kada a mayar cikin na ajiya. Yara masu yawon Sallah a zuba musu a kan nasu farantin, a kuma ba su ruwa da sabulu tukuna. Na tsamiya da na zoɓo, in an dafa su da kyau an rufe, suna kai kwana biyu zuwa uku a wuri mai sanyi, a firji kuma mako guda. Mai gyambon ciki ya taɓa kaɗan ko ya haƙura. Mai ciwon sukari ya tuna akwai dabino da mazarƙwaila a ciki. Mai shan maganin hawan jini kuma ya sani zoɓo yana saukar da jini, in zai yawaita ya tambayi likitansa.

Wani dalilin da ya sa na ga maganar ta dace da yanzu shi ne lokacin da Sallah ke faɗowa. Kowace shekara tana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya. Babbar Sallah ta 2024 ranar 16 ga Yuni aka yi ta, ta 2025 ranar 6 ga Yuni, ƙaramar Sallah ta 2025 kuwa ranar 30 ga Maris. Ke nan babbar Sallah tana gangarowa cikin tsakiyar bazara, lokacin da zafi a ƙasar Kano ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta a garuruwanmu. A irin wannan yanayi ne ake yanka kabeji da karas da dafaffen ƙwai tun safe, a kwaɓa da mayonis, a rufe a kula, a riƙa ɗibar wa baƙi har la'asar. Wani ciwon cikin da ake ɗora wa nama, daga irin wannan haɗi yake iya fitowa. Abin da aka tafasa, mai tsami da gishiri da sukari, ya fi jure zafin nan. Ga kuma sauƙin kuɗi. Attaruhu da albasa suna fitowa daga fadamun da ke kewaye da madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga, citta da kanumfari suna teburin mai kayan miya, tsamiyar kuwa wataƙila a gonar maigida take.

Wataƙila, na ce, domin a nan ne zancen ya fi yi mini ciwo. Maigida, wannan ɓangaren naka ne. Duk wanda ya san hanyar Rimin Gado zuwa Kabo zuwa Gwarzo shekaru talatin da suka wuce, ya san yadda gonakin ke cike da manyan itatuwa: ɗorawa, kuka, gawo, ɗinya, kanya, tsamiya. Har yanzu akwai su, amma ka tsaya ka duba, kusan duk tsofaffi ne. Ƙananan da za su gaje su ba ka ganin su. Itacen tsamiya yana da tauri, gawayinsa yana daɗewa yana ci, saboda haka masu gawayi suna son sa, kuma tun da makamashi ya yi tsada bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gidaje da yawa da suka saba da gas sun koma gawayi. Sau da yawa kuma wajen rabon gado ake yanke wa bishiya hukunci. Gona ta rabu huɗu, tsamiya ta faɗo a kan iyaka, an rasa ta wa ce, sai a ce a sayar wa mai inji a raba kuɗin kowa ya huta. Cikin yini ɗaya a kwantar da abin da kakan kakansu ya tarar a tsaye. A da akwai tsoron da ke kare ta, ana cewa tsamiya matattarar iskoki ce, ba mai kai mata gatari. Ilimin addini ya kore wannan tsoro, kuma mun gode wa Allah da hakan. Sai dai ba mu sa komai a gurbinsa ba, alhali addinin da ya kore camfin shi ne ya kwaɗaitar da mu dasa itace, ya ce duk abin da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga gare shi sadaka ce ga wanda ya dasa.

Bishiya tana tsira ne in mai gona yana ganin abin da take kawo masa kowace shekara ya fi abin da mai gawayi zai ba shi sau ɗaya. Tsamiya ɗaya babba tana ba da buhuna, shekara bayan shekara, ba taki, ba ban ruwa, ba feshi, kuma tana iya haura shekara ɗari tana yi. Mata da yara ne ke ɓarewa su cura, kuɗin yana shiga hannun da ya fi buƙata. A jikinta ne ma tsutsar nan ke saƙa gidan da ake sarrafawa a fitar da zaren aikin babbar riga, irin wadda hakimai ke sawa ranar hawa. Amma muddin wata ɗaya kawai muke nemanta a shekara, darajarta a idon mai gona ta wata ɗaya ce. In ta shiga farantin Sallah biyu, ta shiga na suna da na biki, masu tsire da masu awara suka fara ajiye ta kusa da yaji, 'yan matan da ke sana'ar cincin da samosa suka fara ɗura ta a ƙananan robobi suna haɗawa da kayansu, to mai saye ya ƙaru, kuma mai gona zai yi tunani sau biyu kafin ya kira mai inji. Ban ce kwanon miya zai tsayar da saran itace ba. Na ce yana cikin abin da ke hannunmu, mu da ba hukuma ba.

Kuma an yi a kusa da mu, ba labarin nesa ba ne. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun daga shekarun 1980, manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani: in ana sharar gona ba a tumɓuke kowane toho, ana zaɓar masu ƙarfi a gyara su a bar su su tashi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiya kusan miliyan 200 ta dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Hausawa ne irinmu, ruwan samansu ma bai kai namu ba.

Wanda ke son ya shirya, lokacin sayen tsamiya shi ne sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da sabuwa ta shigo kasuwa kuma kafin 'yan azumi su ɗaga farashinta. A ɓare, a cire jijiyar, a fitar da 'ya'yan domin a cikinsu ƙwaro ke zama, a barbaɗa gishiri kaɗan, a cura, a shanya kwana biyu, a zuba a tukunya ko bokiti mai murfi. Za ta yi duhu da daɗewa, amma tsaminta ba ya zuwa ko'ina, tana kai shekara. 'Ya'yan da aka cire kuwa kada a zubar duka. A zaɓi goma masu ƙiba, a jiƙa su kwana ɗaya a ruwan ɗumi, a shuka a leda da ƙasa da taki, in damina ta zauna a dasa a kan iyakar gona ko bayan gida. Wadda ta fito daga ƙwaya takan ɗauki shekara bakwai zuwa goma ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, mai aure kuwa uku zuwa huɗu, don haka wanda ya sami dashe mai aure a wurin masu renon itatuwa ya fi. Kowacce aka dasa, a kewaye ta da ƙaya ko tsohon kwando har ta yi rani uku, domin awakin da ake saki bayan girbi su ne ke cinye mafi yawan abin da muke dasawa.